Manomi Mai Lamba C: Abin da Na Tarar a Takardun Korar Manoma a Ingila Lokacin Yaƙi

Tsakanin 1939 da 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a Ingila, mutum yana iya kwana da gonarsa ya wayi gari da takardar da ke cewa ya tattara ya-nasa ya-nasa ya bar ta. Ba bashi ake binsa ba, bai kuma yi wa kowa laifi ba. Wani kwamiti ne kawai ya duba ya ce bai iya noma ba. Ko gonar tasa ce ta gado, ko haya yake biya, dokar tana iya hawa kansa, kuma babu kotun da zai je ya ɗaukaka ƙara a kan hukuncin.

Na ci karo da wannan zance ne lokacin da na je ƙaro karatu a can. Kafin nan aikin malamin gona nake yi a wani shirin noman rani a gida, irin aikin da za ka rungumi fom ka bi gonaki kana rubuta wa ya shuka a kan kari, wa ya yi ban ruwa, wa ya bar ciyawa ta cinye masa shinkafa. Da malamar da ke duba bincikena ta ji haka, sai ta ce ai ga aikin da ya dace da ni: in je ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kew, a yammacin Landan, in zaɓi ƙauye guda, in bi gonakinsa ɗaya bayan ɗaya in ga yadda masu duba gonaki na wancan zamani suka yi wa manomansu hukunci.

Sai an san halin da ƙasar ke ciki kafin a gane dalilin dokar. Gab da yaƙin, wajen kashi biyu cikin uku na abincin da mutanen Birtaniya ke ci a jirgin ruwa yake zuwa: alkama daga Kanada da Ostireliya, nama daga Ajantina, man shanu daga Denmak, har abincin dabbobi ma sayo shi ake yi. Tun 1921, da gwamnati ta soke dokar da ta lamunce wa manoma farashin hatsi, noman alkama ya koma aikin asara. Manoma da yawa suka jingine garma, suka bar gonaki suka zama ciyawa, suka saki shanu da tumaki a ciki. Magudanan ruwa suka toshe, shinge ya zama sarƙaƙiya. Sai ga yaƙi, ga jiragen Jamus masu nutso suna nutsar da jiragen kaya a Tekun Atlantika, sauran jiragen kuma ana buƙatarsu su ɗauko makamai da sojoji. Lissafin gwamnati ba shi da wuya: eka guda ta alkama ko dankalin turawa tana ciyar da mutane ninkin-ba-ninkin abin da eka guda ta makiyaya ke ciyarwa. Don haka a kafce ciyawa a shuka abinci. Aka sa ladan fam 2 a kan kowace eka ta tsohuwar makiyaya da aka bi da garma, aka ce ana son eka miliyan 2 kafin girbin 1940.

Masu tabbatar da wannan umarni su ne kwamitocin noma na yaƙi, kowane lardi da nasa, waɗanda manoma ke kira War Ag a taƙaice. Ministan noma ne ke naɗa su, mutum 8 zuwa 12, galibi manyan manoma da masu ƙasa, da wakilin 'yan ƙwadagon gona, da wakiliyar rundunar mata masu aikin gona. Ba a biyansu albashi. A ƙarƙashinsu akwai ƙananan kwamitocin gunduma, su kuma manoman yankin ne, sun san kowace gona da mai ita. Ikon da aka damƙa musu ba ƙarami ba ne. Suna iya shiga gonarka su duba, su ce kafce wancan fili, shuka kaza a nan, rage shanu, yashe lambatu, kashe zomaye. In ka ƙi, a kai ka kotu a ci ka tara. In suka ga ba ka da niyyar gyarawa, su nemi amincewar minista su karɓe gonar, ko su soke hayar da ke tsakaninka da mai ƙasa, su noma da kansu ko su sa wani.

Takardun da na je nema na wata babbar ƙidayar gonaki ce da aka yi daga 1941 zuwa 1943 a Ingila da Wales. Duk gonar da ta kai eka 5 ta shiga, gonaki wajen 300,000. An kulle takardun saboda sirrin mutane da ke ciki, sai a 1992 aka buɗe su ga jama'a. Wanda zai yi wannan aiki da taswira ya kamata ya fara. Taswirorin suna ƙarƙashin lamba MAF 73, an zagaye iyakar kowace gona da launi an rubuta lambarta a ciki, kuma da wannan lamba za ka nemo takardunta a ƙunshin ƙauyen da ke MAF 32. Biro ba ya shiga ɗakin karatun, sai fensir, amma an yarda ka ɗauki hoto da wayarka. Na ɗauki kowane shafi gaba da baya, domin sau da yawa abin da aka rubuta a bayan fom ya fi na gabansa magana.

Kowace gona tana da 'yan takardunta. Akwai waɗanda manomin ya cika da hannunsa a ƙidayar ranar 4 ga Yuni, 1941: eka nawa ce alkama, shanu nawa, dawaki nawa, ma'aikata nawa, akwai tarakta ko babu, nawa ake biya haya. Sai kuma takardar da ba shi ya cika ba, galibi ma bai san abin da aka rubuta a cikinta ba. Ita ce ta mai dubawa. Tana tambayar irin ƙasar, mai nauyi ce ko mai sauƙi. Tana tambayar halin hanyoyi, gine-gine, shinge da lambatu. Akwai ɓarnar zomaye, ɓeraye, hankaki ko kurciyoyi? Wace ciyawa ce ta yi yawa? Akwai ruwan famfo, akwai lantarki? Duk wannan ba abin da zai ba malamin gona mamaki. Can gaba ne ake zuwa gurbin da ya tsayar da ni, inda za a ba manomi A, ko B, ko C. Mai A yana fitar da kashi 80 cikin 100 ko fiye na abin da gonar za ta iya bayarwa, mai B daga 60 zuwa 80, mai C ƙasa da 60. In B ne ko C sai a faɗi dalili, kuma dalilai uku kaɗai fom ɗin ya tanada: tsufa, rashin jari, ko aibin halin mutum. In aibin hali ne, ga layi a yi bayani.

A kan wannan layi na ga abubuwan da ban zaci za a rubuta a takardar gwamnati ba. Wane malalaci ne. Wane ya cika sha. Wane ba shi da himma, wane taurin kai gare shi, wane hankalinsa ya fi karkata ga dillancin shanu, wance mijinta ne ya mutu ya bar mata gona ba ta san kanta ba. Kalma uku ko huɗu, an gama da mutum. A ƙasa baki ɗaya, kashi 58 cikin 100 na gonaki sun sami A, kashi 37 B, kashi 5 C. Samun C ba shi ne kora ba, amma daga cikin masu wannan daraja ake sa wa ido, kuma daga sa ido ake kaiwa ga takardar tashi.

Da na gama jera fom ɗin ƙauyen, na koma kan taswira na sa alama a kan duk gonar da aka ba daraja ta ƙasa. Nan wani abu ya fito wanda ba ya fitowa in kana karanta fom ɗaya-ɗaya. Galibinsu ƙanana ne, kuma galibinsu a gangare suke wajen rafi, inda fom ɗin da kansa ya ce ƙasa mai nauyi ce, lambatu ya lalace. Babu tarakta, sai doki ɗaya ko biyu. Ma'aikata babu, sai tsoho da matarsa. Ke nan a sama mai dubawa ya rubuta da hannunsa cewa ruwa na kwanciya a gonar, a ƙasa kuma ya rubuta cewa mai ita ba shi da himma, bai ga cewa na saman yana iya zama dalilin na ƙasan ba. Rahoton ƙidayar da ya fito a 1946 ma ya nuna irin wannan: manyan gonaki sun fi ƙanana samun A.

Na hau jirgin ƙasa na je ƙauyen a farkon lokacin sanyi. A can akwai hanyoyin ƙafa da doka ta yarda kowa ya ratsa gonaki ta kansu, na bi ɗaya har cikin wani fili da takardun suka ce an kafce shi don girbin 1940. Yanzu ya koma ciyawa, tumaki na kiwo. Taku kaɗan na yi takalmina ya ɗauki laka, kowace ƙafa sai na fizgo ta. Na dunƙula ƙasar a hannu ta mulmulu ba ta farfashe ba, tamkar lakar fadama bayan ruwan Agusta, wadda in ta jiƙe ba ta shiguwa, in ta bushe fartanya ke tsalle a kanta. Irin wannan ƙasa kwanakin da take yarda a sa mata garma 'yan kaɗan ne a shekara. Mai tarakta yana iya cin wannan dama. Tsoho mai doki biyu kuwa, kafin ya kai rabi ruwa ya sauko ko ƙasa ta daskare, kuma sanyin farkon 1940 yana cikin mafi tsanani da ƙasar ta gani a shekaru masu yawa. Ga kuma tsutsar da ke zama a tsohuwar makiyaya, wadda ke cinye saiwar shuka a shekarun farko bayan kaftu. Manomin da ya ce wannan fili ba zai yi alkama ba, wani lokaci ba gardama yake yi ba, abin da ya sani yake faɗa.

Amma kada in yi wa kwamitocin rashin adalci. A ƙauyen an haɗa ni da wani dattijo wanda mahaifinsa ya zauna a kwamitin gunduma, kuma bai yi wa kowa rufa-rufa ba. Ya ce akwai gonakin da ƙaya ta fi mutum tsawo, masu su suna zaune suna kallo, ƙasa kuma tana fuskantar yunwa, me ake so a yi? Ya ce mahaifinsa ya fi ɓata lokaci wajen lallashi, da nemo wa wannan tarakta, da turo wa wancan ma'aikata, fiye da wajen barazana. Takardun zaman kwamitoci da na karanta sun gaskata shi: yawancin maganar ta taki ce, da injina, da yashe magudana, da kashe ɓeraye. Sai dai ya ƙara da cewa har mahaifin nasa ya rasu akwai gidan da ba sa amsa gaisuwarsa a kasuwar shanu.

Da na ba mahaifina labarin ta waya, bai tsaya kan dokar ba. Ya ce, "To ɗan nan, in an kori mutum, wa ke noma gonar?" Na ce, "Baba, wani lokaci kwamitin ne da kansa, wani lokaci su ba wani manomin da suka yarda da shi." Ya ce, "Maƙwabci ke nan." Na ce yana iya zama. Ya ce, "Shi ya duba, shi ya yanke, shi ya gada? Ai ba a ba kura ajiyar nama." Zargin da aka riƙa yi ke nan tun a lokacin. Wasu daga cikin waɗanda aka kora sun shiga wata ƙungiyar kare haƙƙin manoma, suna cewa an ba 'yan uwa da abokan 'yan kwamiti gonakinsu. Ko a inda babu ƙamshin gaskiya a zargin, tsarin bai bar hanyar wanke shi ba, domin wanda za ka kai wa kuka jami'in ma'aikatar noma ne, ma'aikatar da ta naɗa kwamitin.

Alƙaluman hukuma sun nuna an soke haya wajen 2,700 a Ingila da Wales a tsawon yaƙin. Masu adawa da tsarin suna kai adadin dubu goma ko fiye, in an haɗa da waɗanda aka karɓe wa wani sashe na gona da waɗanda aka matsa wa har suka tashi da kansu. A cikin gonaki 300,000 za a ce ba yawa. Sai dai a can gidan manomi a cikin gonar yake, don haka rasa gona rasa muhalli ne. Dabbobi a sayar da su cikin gaggawa a kan duk abin da aka taya. Sannan a ƙauyen da kowa ya san kowa, a lokacin da 'ya'yan mutane ke mutuwa a fagen fama, ka zama wanda aka ce ya ƙi noma wa ƙasarsa abinci.

Labarin da ya fi kowanne tsayawa a zukatan mutane shi ne na George Walden, ɗan shekara 65, a ƙauyen Itchen Stoke da ke lardin Hampshire. An umarce shi ya kafce wani sashe na makiyayarsa, ya ƙi. Aka ba shi takardar tashi daga gonar da ya yi rayuwarsa a ciki, ya ƙi. A watan Yulin 1940, makonni kaɗan bayan an kwaso sojojin Birtaniya daga Dunkirk ta Faransa, inda Jamusawa suka ritsa su, 'yan sanda suka je fitar da shi. Ya kulle kansa a gida da bindigarsa, ya harbi wasu daga cikinsu ya ji musu rauni. Suka jefa hayaƙi mai sa hawaye, ya ɗauko takunkumin kare guba irin wanda gwamnati ta raba wa kowa saboda harin Jamus ya sa. An yi wajen awa 18 ana wannan dambarwa kafin a harbe shi, ya cika a asibiti a Winchester. Zaman binciken mutuwarsa ya ce kisan yana kan ƙa'ida, kuma ba a yarda a tattauna ko umarnin kaftun da ya jawo duk wannan daidai ne ba.

Na George Odlum kuma wani iri ne, don shi ba wanda zai ce bai iya noma ba. Yana da garken shanun madara na gani na faɗa a Manningford, lardin Wiltshire. Kwamiti ya matsa masa ya rage shanu ya koma noman hatsi, har a 1942 ya sayar da gonar. Wanda ya saya shi ne Robert Hudson, ministan noma da kansa, wanda ya hau kujerar a watan Mayun 1940. Daga baya aka raba wa 'yan jarida takarda mai cewa gonar a lalace take kafin sabon mai ita ya gyara. Odlum ya kai shugaban kwamitin lardin ƙara kan ɓata suna, kuma a 1946 kotu ta ba shi gaskiya da diyyar fam 500. Shi yana da kuɗin ɗaukar lauya. Tsofaffin da na gani a gangaren rafi ba su da shi.

Abinci dai ya ƙaru, wannan ba a musunsa. Filin dankali ya ninka, na alkama ya kusa ninkawa a 1943, abin da ake shigowa da shi ta ruwa ya ragu da kusan rabi, kuma ba a yi yunwa ba. Amma da na zauna ina neman abin da ya kawo wannan, kora ba ta cikin manyan dalilai. An lamunce wa manomi farashi mai kyau da kasuwa tabbatacciya. Taraktoci sun tashi daga wajen 56,000 a 1939 suka ninka fiye da sau uku kafin 1946, da yawansu daga Amurka. Gwamnati ta ɗauki wani kaso na kuɗin gyaran magudana. Rundunar mata masu aikin gona ta haura mutum 80,000 a 1943, ga fursunonin yaƙi na Italiya da Jamus suna aiki a gonaki. A ganina, manomin da aka ce malalaci ne a 1938 shi ne dai ya cika rumbu a 1943, abin da ya canja shi ne noman ya fara biya. Masu kare tsarin suna cewa tsoron kora ne ya sa sauran suka miƙe, kuma ba zan ce tsoron bai yi aiki ko kaɗan ba. Amma tsoro bai taɓa yashe lambatu ba sai da aka kawo kuɗi da mutane.

Ina karanta waɗannan takardu ina tuna cewa wannan gwamnatin, a wannan yaƙin, ita ce ke mulkinmu. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, ƙasar da Birtaniya ke samun kuza daga cikinta, sai Birtaniya ta juyo kanmu neman kuza da man girki. Aka matsa wa manoma su ƙara gyaɗa a kan farashin da hukuma ta yanka, aka kwashi dubban mutane daga ƙauyukan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da tsofaffi ke kira diban gwamna, kuma da yawa sanyi da cuta suka kashe su a can. Manomin Hampshire aƙalla jaridu sun buga sunansa.

Da na dawo bakin aiki, abin da ya fara canjawa shi ne yadda nake cika fom. Halin ƙasa daban, abin da manomi ke da shi na jari da hannuwa daban, kuma ba na rubuta komai game da halin mutum, don ba aikina ba ne, ban kuma san abin da ke cikin gidansa ba. In na ga kadada ta lalace, kafin in rubuta komai sai na duba ko a wutsiyar magudana take, inda ruwa ba ya isa sai na gaba sun ƙoshi. Abin da na rubuta ina karanta wa mai gonar a gabansa, in yana da ja ya faɗa in sa a ciki. In kuma ana maganar karɓe fili daga hannun wani a ba wani, tambayar Baba nake fara yi, sannan in nemi a fitar da duk wanda ke da iyaka da filin daga cikin masu yanke shawara. Wannan na ƙarshen shi ya fi jawo mini tsama da mutane.

A Ingila ikon bai tafi da yaƙin ba. Dokar noma ta 1947 ta riƙe shi: an ba manoma farashi tabbatacce, a madadin haka gwamnati tana iya sa gona ƙarƙashin sa ido, in ba a gyara ba ta kori mai ita. Bambancin shi ne wannan karon an kafa kotunan filayen noma masu zaman kansu inda mutum zai ɗaukaka ƙara. Sai rikicin Crichel Down ya taso a lardin Dorset, kan fili eka 725 da aka karɓa a 1938 don sojojin sama su riƙa gwajin jefa bam, aka kuma ƙi mayar wa magada bayan yaƙi duk da alkawarin da aka yi a majalisa. Binciken da aka yi ya tona yadda jami'ai suka yi wasa da haƙƙin mutane, kuma ministan noma Thomas Dugdale ya ajiye aiki a 1954. Daga nan jama'a suka daina yarda cewa ma'aikata ta fi mai gona sanin abin da ya dace da gonarsa, kuma a 1958 majalisa ta soke ikon sa ido da na korar manomi saboda rashin iya noma.